An Kore Ni Bayan Jinya, Ina Da Hakki?

Tambaya: Malam, shekara uku ina aikin ajiyar kaya a wani kamfani a Gombe. Taifot ta kwantar da ni kwana tara. Na aika ƙanena ya faɗa wa maigadi, da na dawo aka ce na gudu daga aiki, an sallame ni. Mai karatu daga Tudun Wada.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci albashin kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, amma sai likita mai rajista ya shaida. Rasit ɗin kemis ko maganar mai maganin gargajiya ba sa tsayawa. Kamfani kuma na iya neman nasa likitan ya duba ka.

Inda ka yi sakaci shi ne saƙon. Maigadi ba shugabanka ba ne, kuma baki ba ya barin shaida. Da tes ka tura wa manaja ranar farko, ka biyo da hoton takardar asibiti, da zancen gudu bai taso ba.

Yanzu koma asibitin ka karɓo rahoto mai kwanan wata da hatimi. Nemi takardar sallama a rubuce, kada ka sa hannu a ta ajiye aiki. Mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar a aiki yana da notis na mako biyu ko kuɗinsa, bisa sashe na 11. In sun ƙi, kai ƙorafi ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.