Na saka bidiyon wurin aikinmu a Snapchat, an kira ni bincike

Barista, ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani asibitin gwamnati a Jidda. Ranar da kwamfuta ta tsaya, layi ya kai har bakin ƙofa, raina ya ɓaci na ɗauki bidiyo na saka a Snapchat. Wata ta tura wa shugabanmu. Na goge, amma ga takardar gayyatar bincike. Ina mafita?

'Yar'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Na san ba da mugun nufi kika yi ba, amma masu bincike abin da ya fito a bidiyon za su fara dubawa. An ga fuskar wata tsohuwa a kan keken marasa lafiya? An ga sunan wani a takardar da ke gabanki? Nan nauyin yake.

Dokar Saudiyya ta laifukan intanet ta 2007, a sashe na 3, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 500,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya ko ya ɓata musu suna. Sashe na 6, na abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a, ya kai shekara biyar da riyal miliyan 3. Wannan kuwa sai an miƙa maganar ga masu gabatar da ƙara. Abin da ke gabanki yanzu ladabtarwar ofis ce.

Ba ki faɗa mini matsayinki ba. Idan ke ma'aikaciyar gwamnati ce kai tsaye, dokar ladabtar da ma'aikata ta 2021 ce ke kanki. Ba a hukunta ki sai an saurare ki an rubuta bayaninki, kuma hukuncin hawa-hawa ne, daga gargaɗi a rubuce, zuwa yankan albashi, har kora. In bai yi miki ba, kina da kwana 60 ki shigar da ƙorafi, daga nan sai Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron ƙara a kan hukumomin gwamnati. Idan kuma kamfani ne ya kawo ki, dokar ƙwadago ce, sulhu tukuna sannan kotun ma'aikata. Mai iƙama, wato baƙuwar da ke zaune da takardar izinin zama a ƙasar, ta fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin hukuncin kotu na iya jawo a mayar da ita gida.

Ki je ranar da aka sa miki. Kada ki musa, tunda bidiyon yana hannunsu. Ki ce kin goge da kanki, ki faɗi lokacin, ki nuna kuskure ne. In kin taɓa kai ƙorafin kwamfutar a rubuce, tafi da kwafinsa. Kada ki sa hannu a bayanin da ba ki karanta ba, in Larabcin ofis ya yi miki nauyi ki nemi a fassara miki.

Wadda ta tura bidiyon kuwa, ki bar ta da Allah. Ko a WhatsApp kada ki ambaci sunanta, kar ƙara ta zama biyu.