Wai ta yaya kwamfuta ke sanin yadda manyan galaksi suka tara ƙarfe?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibar fiziks ce, na ji wai ana kwaikwayon sararin samaniya a kwamfuta don gano yadda manyan galaksi suka tara sinadarai. To ba wanda ya ga farkon abin, ya za a yarda?

Amsa: Yawwa ƙanwata. Galaksi dai ƙaton tarin taurari da gas ne. Kin ga shekara biliyan 13.8 da suka wuce kusan haidirojin da hiliyam ne kawai, su oksijin da ƙarfe duk a cikin taurari aka dafa su daga baya, sai tauraro ya mutu yake watsa su.

Amma fa ba tare suke fitowa ba, nan ne abin ke burge ni. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye, 'yan miliyoyin shekaru yake yi ya fashe, ya zubar da oksijin da maganiziyam. Shi kuwa ƙarfe yawancinsa daga fashewar ƙananan fararen taurari, wato ragowar taurarin da suka gama ƙonewa, yake zuwa, su kuma sai sun ja ɗaruruwan miliyoyin shekaru, wasu har biliyoyi. Shi ya sa in kika auna hasken ƙatuwar galaksi irin M87 za ki tarar maganiziyam ya yi yawa in an gwada shi da ƙarfe, wato ta haifi taurarinta da gaggawa ta tsaya, ƙarfen ya iso bayan an tashi kasuwa.

A kwamfutar kuma, kamar aikin kwaikwayon sararin samaniya mai suna EAGLE na 2015 ko IllustrisTNG mai bin sawun sinadarai 9, ana zuba gas da abun nan da ake kira dark matter, wanda ba ya haske, ta ƙarfin jansa ake gane shi, a sa dokokin fiziks, a bar lokaci ya yi ta tafiya har yau. Babbar galaksi ƙarfin janta ba ya barin gas mai sinadarai ya tsere kamar yadda yake tsere wa ƙanana, sai baƙin ramin tsakiyarta, wato wurin da ko haske ba ya iya tsere wa ƙarfin jansa, ya girma ya dumama gas ɗin, haihuwar taurari ta tsaya.

Batun yarda kuwa, ba a yarda haka nan. Galaksin kwamfutar ake jerawa da na gaske da madubin hangen nesa ya auna, kuma wannan rabon maganiziyam da ƙarfen ya daɗe yana ba masu aikin wahala, don in baƙin ramin bai tsayar da haihuwar da wuri ba lissafin ba ya fita.