Aikin Sa Kai A Waje: Ga Inda Za Ka Fara

Ƙanena, ka ce ka gama Jami'ar Danfodiyo da hidimar ƙasa, kana tambaya ko ɗan Sakkwato zai samu aikin sa kai a waje ba tare da ya sayar da gona ba. Zai samu mana. Duba TAC, shirin da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987: ana tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara 2, da alawus, sai dai sun fi son gogaggu. Tarayyar Afirka ma tana ɗaukar matasa na wata 12. Jin Faransanci zai taimake ka ƙwarai. Rajistar UNV, shirin aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuwa kyauta ce a shafinsu, don haka kada ka tura wa kowa kuɗin biza ta WhatsApp.