Ga 'yar uwar da ganyen tumatirinta ke yin fari-fari

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun da asuba na ga hoton da kika turo, na ce bari in sallami yara makaranta sannan in zauna in amsa miki a tsanake, don wallahi ina ganinsa gabana ya faɗi. Kin ce ganyen yana yin tabo fari-fari kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa, daga baya ya bushe, 'ya'yan kuma suna hujewa ta wajen da suke maƙale da reshe, kin yi feshi sau biyu babu canji, kina tambaya ko ki ƙara wa maganin ƙarfi. Don girman Allah kada ki ƙara. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abin da ya same ni ke nan, kuma ƙara ƙarfin maganin nan shi ya ƙarasa min lambuna.

Ina kyautata zaton sharon ce, wato tsutsar nan da ke shiga cikin ganyen tumatir tana cin sa ta ciki. Ki je yanzu ki tsinko ganye ɗaya mai tabon, ki ɗaga shi saitin rana. In kin ga wurin ya zama shara-shara kamar leda, da ɗigo-ɗigon baƙin kashi a ciki, da wata 'yar tsutsa kore-kore da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba tana motsi tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, to ita ce. Kin ga dalilin da feshinki bai yi komai ba. Tana cikin ɗakinta ta rufo ƙofa, ke kuma kina ta zuba ruwa a kan rufi.

Ni a 2023 ta same ni, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi. Buhu 36 na jera a bayan gida, buhunan siminti da na shinkafa, na cika su da ƙasa da takin awaki, ni da yarana muka yi ta jido har bayana ya riƙe. Irin UTC ne, na yi renonsa da kaina a tsohon baho. Kuskurena na fari shi ne latti, sai a Janairu na yi dashe, alhali masu noman rani tun shigowar sanyi suke nasu. Amma fa ya yi kyau, 'yar uwa. Kore shar, fure ko'ina, 'ya'ya reto-reto. Har na buɗe baki na ce wa surukata bana ba mai sayen tumatirin miya a gidan nan har salla. Ta yi murmushi kawai ta ce Allah Ya nuna mana.

Da na fara ganin tabon sai na ɗauka zafin rana ne, na ƙara ban ruwa. Kwana biyar ya haye rabin buhunan. Na ɗebi ganye a leda na tafi kasuwa shagon wani mai sayar da maganin ƙwari da iri. Ba zan faɗi kasuwar ba balle shagon, shi da Allah. Ko kallon kirki bai yi wa ganyen ba, ya ce Hajiya ai wannan ƙaramin abu ne, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko min wani ruwa a robar lemo, ba takarda ba suna, wai haɗinsa ne na musamman da manyan manoma suke layi a kai. Ya ce murfi uku a buta ɗaya, kuma in fesa da tsakar rana don rana ta taya shi aiki. Kun dai tuna lokacin, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ba takardar naira a hannun kowa. Na ce zan tura masa ta waya, ya ce shi sai tsaba. Na fita na yi layi wajen mai POS kusan awa biyu, aka yanke min kuɗi mai yawa a kai, na dawo na miƙa masa da hannu biyu har ina godiya. Wannan godiyar ita ke ƙona min rai har yau.

Na fesa da azahar kamar yadda ya ce, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, da silifas. Kafin la'asar kaina ya ɗauki ciwo, hannuna yana raɗaɗi, ina ta tashin zuciya. Washegari da safe na leƙa baya, sai kawai na zauna a kan bulo. Ganyen duk ya languɓe ya yi ruwan ƙasa kamar an bi shi da wuta, furen ya zube, alayyafon da ke gefe da iska ta kai wa feshin shi ma ya kwanta. Kazata mai 'ya'ya bakwai ta tsattsagi tumatirin da ya faɗo, da yamma muka tsince ta a bayan randa. Abin da ya fi ba ni takaici, na ɓare wani ganye da ya ɗan tsira, ga tsutsar nan a ciki lafiyarta ƙalau tana cin abincinta. Garin neman gira na rasa ido. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, kuka sosai, ƙaramar 'yata tana share min hawaye da gefen hijabinta tana cewa Umma za mu sake shukawa.

Na koma wajensa da robar. Ya kalle ni ya ce shi bai san ni ba. Da na nuna masa robar sai ya ce to ai ke kika cika shi, mata ba ku iya awo ba. A gaban mutane. Wani dattijo da ke zaune a benci ya ce Hajiya yi haƙuri ki tafi, na juyo na tafi ina jin suna dariya. Na so in ce Allah Ya isa, bakina ya yi nauyi don azumi ya gabato, na haɗiye. Har yanzu in na bi ta layin nan sai na kau da kai. Maigida bai ce min komai ba, ya dai dawo da ledar tumatir ranar ɗaya ga azumi ya ajiye a kicin shiru, wannan shirun ya fi min faɗa ciwo.

To bari in dawo kan tambayarki. Bayan salla wani ƙanin surukata da ke noman rani a wajen Kura ya zo gaisuwa, na ba shi labari, ya ce yarinya ai mu da muke da kadada-kadada ta sa mu kuka balle ke. Ya tuna min 2016, shekarar da aka riƙa kiranta Ebolar tumatir, gonakin Kadawa suka tashi a banza, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, mutane suka koma miyar busasshe da na gwangwani. Malaman gona Tuta absoluta suke ce mata. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, a 2006 ta ɓulla a Sifen, daga nan ta yi ta gangarowa har ta iso mu. Uwar tsutsar wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da rana tana laɓe a ƙarƙashin ganye, da magariba take fitowa ta yi ƙwai, kuma guda ɗaya tana iya zuba sama da 200. In zafi ya shigo, cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka ƙwan ya zama uwa shi ma. Shi ya sa a Maris da Afrilu take zama kamar gobara. Ki girgiza tumatirinki da yamma ki gani, in wasu ƙananan abubuwa suka tashi fir, su ne.

Abin da zan ce ki yi yau ɗin nan, da hannunki, ki bi shuka ɗaya-ɗaya ki tsinke duk ganyen da ke da tabo da duk ɗan da ya huje. Kada ki ji tausayi. Kuma kada ki zubar a gindin shukar ko a juji, nan ma na yi wauta, tsutsar fitowa take ta shige ƙasa ta rikiɗe ta dawo miki. Ki zuba a baƙar leda ki ƙulle tam ki bar ta a rana kwana uku, ko ki ƙone. Wadda ta ci fiye da rabi ki tuge ta gaba ɗaya, ta riga ta tafi, zamanta cutar da 'yan uwanta ne kawai. Na san da ciwo. A hotonki na hango na layin baya kamar da sauransu, su za ki yi wa faɗa.

Da daddare ki sa ruwa a faffaɗan baho, ki ɗiga ɗan sabulu, ki rataya fitilar sola ko tocila a samansa dab da ruwan. Da safe za ki ga iyayen sun faɗa sun mutu. Ranar da na fara na ƙirga sittin da wani abu, na kira yara suka zo kallo kamar an kama ɓarawo. Akwai kuma tarko na musamman mai ƙamshin macen da ke janyo mazan, wasu shagunan kayan gona na kirki suna da shi, in kin samu ki haɗa.

Sai darbejiya, wato dogon yaro. Ba ganyen ba, 'ya'yan sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yarana nake sa wa su tsinto min a bakin titi, in wanke, in shanya a inuwa, in ɓare in daka. Kamar rabin kilo nake jiƙawa a lita goma ya kwana, in tace da tsohon ɗankwali, in narka ɗan sabulun salo kaɗan a ciki don ya kama ganye. Kada ki sa garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. Da yamma liƙis ake fesawa, don rana tana kashe ƙarfinsa, kuma ki juya bakin famfon ki jiƙa bayan ganyen. Duk bayan kwana biyar zuwa bakwai. Gaskiya ba ya kashewa nan take, hana ta cin abinci yake da hana ta girma, saboda haka kada ki fesa yau gobe ki zo ki ce min bai yi ba. Turmin da kika daka kuma ki ware shi, na taɓa daka yajin ƙuli a nawa bayan nan, ba wanda ya iya ci don ɗaci.

Ban ce maganin bature haramun ba ne. In abin ya fi ƙarfinki, ki nemi malamin gona, a nan Kano akwai na KNARDA, hukumar kula da aikin gona ta jihar, ki kai masa ganyen ya gani da idonsa. Wanda na samu ya rubuta min wani mai sinadarin emamektin, ya ce shi yana ratsa ganye ya tarar da ita, amma kada a yi ta maimaita iri ɗaya don sharon tana saurin sabawa da magani, shi ya sa na ƙwari na yau da kullum ba ya yi mata komai. Ki sayi mai rufaffen baki, mai lambar NAFDAC, ki duba ranar lalacewarsa, ki bi awon da aka rubuta, ki duba kwana nawa za a jira kafin a tsinki abin ci. Ki rufe hanci da hannu, ki killace kaji da yara. Ota-fiya-fiya kuwa da duk wani abu na robar lemo, ko kyauta aka ba ki kada ya kusanci abin da za ki zuba a tukunya.

Af, na ga wata a ƙasa ta ce miki ki barbaɗa toka. Toka tana da amfaninta, surukata ita take sa wa kuɓewa da sassafe da sauran raɓa saboda ƙwaron nan mai tsalle da ke huda ganye kamar rariya, kuma yana raguwa. Amma ba ta isa inda sharon take. Haka wadda ta ce nata ganyen yana nannaɗewa yana yin rawaya, shukar ta tsugune ta ƙi girma, wannan daban ne, farin ƙuda ne yake ɗauko cutar ya sa mata, kuma in ta kama ba ta da magani, tugewa ake. Wadda gindin tumatirinta ke yin baƙi kuma ba ƙwaro ba ne sam, yawanci ban ruwa ne na yau a cika gobe a manta. Ni nawa ya yi haka lokacin da rijiyarmu ta ja baya muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, jarka ɗaya sai na raba wa buhu shida. Wannan ma wani labarin ne, da na akuyar maƙwabta da ta haura katanga ta cinye min zogale, wadda har yau mai ita bai ce min sannu ba.

In wannan zagayen ya ƙare kada ki sake zuba tumatir a ƙasar nan kai tsaye. Ki zazzage buhunan, ki baza ƙasar, ki yayyafa ruwa ki rufe da farar leda ta sha ranar bazara makonni huɗu ko fi. Yalo da gauta da dankalin turawa duk dangin tumatir ne, tana cin su, kada ki maye gurbin da su. Ki sa alayyafo ko rama ko yakuwa ko albasa tukuna. Ni yanzu a Oktoba nake reno, in lulluɓe bahon da tsohon gidan sauro, wanda ya raba ni da ƙadangaru ma, in yi dashe a Nuwamba, kafin zafi ya kankama na ci na shanya na raba wa maƙwabta. Buhu goma sha biyu kawai nake yi, iya wanda zan iya juya ganyensa ɗaya-ɗaya kullum bayan sallar asuba. Kuma na daina karɓar dashe daga hannun kowa sai na duba bayan ganyen, ko da 'yar uwata ce ciki ɗaya, ta yi fushi ta huce.

Ki ɗauko mana hoton ganyen a saitin rana yadda na ce, da na bayan ganyen kusa-kusa, don in da jan gizo-gizo, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, a haɗe to da sauran magana. In kina cikin Kano ki yi min magana ta gefe, ina da dakakkun 'ya'yan darbejiya kusan kwano guda da suka rage min, yarona zai iya kawo miki ranar Asabar in ya taso daga islamiyya.