Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan Triniti da rikicin harshe a coci

Ƙanwata, kin ce ikilisiyarku a Garwa ta ƙasar Kamaru na neman darewa biyu kan harshen sujada, fasto kuma ya yi wa'azi cewa tunda Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ɗaya ne, kowa ya haƙura a koma Faransanci zalla. Kina so ki san ko haka koyarwar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uku, take.

A ganina ya ɗauki rabi ya bar rabi. Gaskiya ne Yesu ya yi addu'a a Yohanna 17:21 mu zama ɗaya kamar yadda yake ɗaya da Uba. Amma Uba bai haɗiye Ɗa ba. Ikilisiyar farko ta ƙi koyarwar Sabeliyus, mai cewa Uba da Ɗa da Ruhu guda ne yake sauya fuska, sannan a taron Nikiya na 325 ta ƙi ta Ariyus, wanda ya ce Ɗa halitta ne, ƙasa da Uba. A 381 a Kustantiniya aka tabbatar ana yi wa Ruhu sujada tare da Uba da Ɗa. To in misalin za a bi, ba a shafe kowa, ba a kuma ɗora wani bisa wani.

Na daɗe cikin dattawan wata ikilisiya mai Tupuri, Mundang, Gbaya da mu masu jin Hausa, kuma rigimar harshe da na gani, da wuya harshen ne asalinta. Akwatin baiko ne da kujerar dattawa. Ranar godiyar kaka kowace kabila kan shigo da rawa, buhunan dawa a ka, sakatare ya miƙe ya karanta jaka nawa kowa ya kawo. Masu yawa a yi musu guɗa, 'yan tsiraru su fita kai a sunkuye, bayan sati biyu sai ki ji sun fara taron addu'a a zauren wani. Da muka daina karanta adadin, wutar ta lafa sosai. Muka bar kowace ƙungiyar mawaƙa da harshenta, karatun Littafi na zagayawa, wa'azi da Faransanci ana fassarawa da Fillanci. Jibin Ubangiji kuwa, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, tebur ɗaya, ba tattaunawa. E, sujada na tsawo, kuma a zafin Afrilu ƙarƙashin kwano sai mai haƙuri.

Sai dai kada a ja misalin ya wuce iyaka. Nufin Allah ɗaya ne, mu kuwa masu son kai ne, shi ya sa ma'aji ke juyawa tsakanin kabilu, littafin kuɗi kuma a buɗe yake ga kowa.

Kada ki tunkari fasto a bainar jama'a. Ki bi ta shugabar zumuntar mata, ku sa dattawa su zauna, a karanta 1 Korintiyawa 12:4-6. Sannan ku ƙirga iyayenmu mata da ba su shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ku tambaye shi da wane harshe za su ji wa'azin.