'Yata za ta yi wa ɗan takara aikin sa kai, shin zai taɓa takardunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Muna zaune a jihar Maryland ta Amurka. 'Yata shekararta 16, tana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, amma ba ta zama 'yar ƙasa ba tukuna. Tana so ta cike awoyin hidimar al'umma na makaranta a ofishin yaƙin neman zaɓen wani ɗan takara. An ce mini baƙo ba ya taɓa siyasa a nan. Hankalina a tashe yake, kada ta jawo mana kora.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Aikin kansa ba laifi ba ne. Ko mai bizar karatu doka ta yarje masa ya raba takardun talla, ya buga waya, ya bi gida-gida, muddin ba biyansa ake yi ba, bai ba da kuɗi ba, kuma ba ya cikin masu yanke shawarar kamfen. Mai girin kad kuwa har gudunmawar kuɗi yana iya bayarwa. Batun awoyi 75 da Maryland ta wajabta kafin kammala sakandare, kowace gunduma da nata tsarin, don haka ta karɓi amincewar makaranta a rubuce kafin ta fara.

Abin da nake jin tsoro daban ne, kuma kullum sai na ci karo da shi: fom ɗin rajistar zaɓe. A irin waɗannan ofisoshi yana nan zube a kan tebur, da biro a gefe. A Maryland ɗan shekara 16 yana iya yin rajista tun kafin ya isa jefa ƙuri'a, saboda haka sa'anninta za su cike a gabanta, wani ya miƙo mata ya ce ai ba komai. Akwai komai. A saman fom ɗin ana tambaya ko kai ɗan ƙasar Amurka ne, da akwatin e da na a'a. Idan ta ja layi a kan e ta sa hannu, ta yi iƙirarin zama 'yar ƙasa na ƙarya. Tun dokar 1996 wannan yana iya jawo kora da hana dawowa har abada, kuma ƙofar afuwa ƙuntatacciya ce ƙwarai. Ba a lokacin ake ganin illar ba. Sai bayan shekaru, ranar da ta zo cike fom N-400 na neman zama 'yar ƙasa, a tambaye ta ko ta taɓa rajistar zaɓe, ga sunanta kuma a kundin gwamnati.

Raina yana ɓaci da masu fatawar zauren WhatsApp da masu cike wa mutane takardu ba lasisi, waɗanda ke cewa wai mai girin kad da yake biyan haraji ya cancanci ƙuri'a. Ƙarya ce mai rusa gida. Wasu kuma suna kafa hujja da Takoma Park, wani gari a Maryland inda baƙi ke zaɓen gari. Haka ne, amma zaɓen majalisar garin ne kawai, da rajistarsa daban, bai shafi na jiha ko na tarayya ba. Ranar da yarinya za ta tsaya gaban jami'in shige da fice, babu ɗayansu da zai raka ta. Haka a ofishin lasisin tuƙi, idan aka tambaye ta rajistar zaɓe, ta ce a'a, ta kuma karanta allon kwamfutar kafin ta danna.

Sai ki duba abu ɗaya. Idan ke ko mahaifinta kun riga kun zama 'yan ƙasa, tana hannunku, tana da girin kad kuma ba ta kai 18 ba, dokar shekarar 2000 tana iya mayar da ita 'yar ƙasa kai tsaye. Kada ku yi aiki da zato, ku kai takardun ga lauya ya tabbatar, ku nema mata fasfo. Kafin nan, ki zaunar da ita yau ki nuna mata hoton fom ɗin don ta gane shi, ki ce kada ta sa hannu a wata takarda a ofishin sai ta kawo miki gida.