Aika cincin da dubulan na Sallah: yadda za ki shirya kaya ba tare da kwali ya cinye riba ba

Wata mai sana'ar soye-soye a Kano ta aiko da tambaya: "Ina yin cincin, dubulan, alkaki da kek a gida. Sallar bara na aika wa masu oda a Abuja da Legas ta tasha, sai wasu suka ce dubulan ya iso a farfashe, cincin kuma ya yi laushi. Na tambayi kuɗin kwalaye masu ado, na ga za su cinye ribar. Yaya zan yi kayana su isa lafiya, kuma su yi kyau a ido?"

Hajiya, ajiye batun ado tukuna. Laushin cincin daga danshi yake, fashewar dubulan kuma daga motsi a cikin mazubi, kuma kwali komai kyansa ba ya hana ko ɗaya. Kuɗinki ya fara tafiya kan waɗannan biyun, abin da ya rage ki yi kwalliya da shi.

Yawancin danshin ma daga kicin ɗinki yake fitowa. Cincin da aka zuba a leda da sauran ɗuminsa yana fitar da tururi, tururin ya taru a jikin leda ya koma cikinsa. Ki baza shi a faranti ko tire ya sha iska kamar awa 3, har sai kin cusa hannu tsakiyar tarin kin ji babu ɗumi ko kaɗan. Daga nan ki zuba a leda mai kauri ki liƙe bakin. Ƙaramin injin liƙe leda na hannu jari ne da ake saye sau ɗaya, kuma ya fi kyandir nesa ba kusa ba, domin liƙin kyandir yakan bar 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. Bayan kin liƙe, ki matsa ledar a hankali da tafin hannu. Idan ta sace, akwai ƙofa, ki sake. Wannan ya fi muhimmanci ga kayan Legas da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima. Cincin da zai yi mako a buɗe a Kano lokacin hunturu, can kwana ɗaya ya ishe shi ya saki.

Kada ki haɗa kek ko alkaki a mazubi ɗaya da cincin. Mai danshi yana ba busasshe danshinsa, su lalace tare.

Dubulan shi ne mai wuyar sha'ani, don haka leda kaɗai ba ta ishe shi ba. Yana buƙatar roba mai tauri da murfi, irin ta zuba abinci. Ki shimfiɗa takardar gashin kek a ƙasa, ki jera shi hawa-hawa da takarda a tsakani, kada ya wuce hawa 3 ko 4, don nauyin na sama ne ke karya na ƙasa. Idan an bar sarari a sama, ki dunƙule takardar ki cike shi. Sai ki rufe ki girgiza robar kusa da kunnenki: in kin ji ƙwaras-ƙwaras, a hanyar Abuja gari zai zama. Alkaki kuwa ki bari zuma ko ruwan sukarinsa ya tsane sosai, ki sa leda cikin robar kafin ki jera, sannan ki zagaye bakin murfi da salatif. Kek ki aika marar ado a kai, a naɗe shi sau biyu da ledar naɗe abinci. Adon bota ba ya jure zafin but ɗin mota.

Kwalin waje ba sai kin saya sabo ba. Masu shago suna sayar da kwalin taliya ko na biskit da araha, wasu ma kyauta suke bayarwa. Ki dai shinshina kafin ki karɓa. Kwalin sabulu, omo, turare ko maganin sauro yana ba abinci wari, musamman abin da aka soya da mai. Ki bar tazarar yatsu 3 tsakanin robobi da bangon kwali ta kowane ɓangare, ki cike da dunƙulallen jarida, amma kada jarida ta taɓa abincin kansa saboda tawada. Masu nauyi a ƙasa, dubulan a sama. Ki liƙe tsakiyar kwali da gefunansa biyu da faffaɗan salatif, sama da ƙasa. In damina ce, ki saka kwalin gaba ɗaya cikin babbar leda, domin ba ki san ko a saman mota za a ɗaure shi ba.

Adon a ciki ake yinsa, inda mai kaya zai gani idan ya buɗe. Wajen kwali ƙura da igiyar direba ne rabonsa. Ki je wurin telarki ki karɓi yanke-yanken atamfa, shadda ko leshi, wanda gab da Sallah har zubar da shi ake yi. Ki yanka shi tsiri-tsiri faɗin yatsu 2, ki ɗaure kowace roba da shi. Sannan a buga miki sitika a shagon kwamfuta: takardar A4 ɗaya tana fitar da zagayayyun sitika 12 masu faɗin santimita 6. A rubuta "Barka da Sallah", sunan sana'arki, lambar waya da ranar da aka yi kayan. Ki ƙara da abin da ke ciki, kamar ƙwai, madara ko gyaɗa, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa. Launi ɗaya ko biyu ki tsaya a kai. Shi ke sa kayan gida su yi kama da na kanti.

Ta fuskar lissafi, shawarata kada leda, roba, sitika da salatif su haura kashi 10 cikin 100 na farashin kaya. Misali, idan kina sayar da roba ɗaya Naira 5,000, kayan shirya ta su tsaya a 500. Ki sayi roba da leda a dozin ko bandir a kasuwar Sabon Gari tun kafin rububin Sallah, ki raba kuɗin kan kowace roba, ki saka shi cikin farashi tun farko. Kuɗin mota daban ne, mai oda ke biya, kuma a faɗa masa kafin ki ɗora mai a wuta.

Ki aika saura kwana 4 ko 5, kek kaɗai ki jinkirta zuwa saura kwana 2. Ranar jajibere motoci cike suke, kuɗin saƙo ya hau, kwalinki kuma ƙarƙashin buhu zai kwana. A tasha ki tsaya a loda a gabanki, ki ce wa direba abinci ne mai fashewa, a sa shi sama nesa da jarkar fetur. Ki ɗauki hoton kwalin da lambar motar, ki tura wa mai kaya tare da lambar direba.